Getopts kaɗai ta isa, ko sai an kira Python?

Malamin Kawo: Assalamu alaikum jama'a. Yau na zo da magana, wanda zai yi fushi ya yi. Duk sikirif na shell (manhajar da ke karɓar umarnin da ake rubutawa a Linux da ire-irensa) da za ka rubuta, `getopts`, umarnin da ke cikin shell ɗin, ta ishe ka karɓar zaɓuɓɓukan layin umarni, irin su `-f` da ake rubutawa bayan sunan sikirif. Ranar da ka ji tana maka kaɗan, ba wani kayan aiki za ka nemo ba, sikirif ɗin ne ya fi ƙarfin shell, ka kwashe shi ka mayar Python. Ba hanya ta uku.

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, to `getopt` fa, marar s a ƙarshe? Ita ce ai hanya ta ukun. Da ita na rubuta sikirif ɗin da ke ajiye kwafin lissafin wani kantin magani a Tudun Wada kowane dare. Ina so yaran kantin su rubuta `--folda` da `--gwaji`, ba `-f` da `-g` da za su manta gobe ba. Ita kuwa getopts ta bash harafi ɗaya kawai ta sani.

Malamin Kawo: Wace getopt ɗin? Nan ne gizo ke saƙar. Suna ɗaya ne amma ba abu ɗaya ba. Wadda ke kan Ubuntu da Fedora ta util-linux ce, ta san dogayen zaɓuɓɓuka, kuma tana sa alamar zance a kan abin da ta mayar maka, shi ya sa ake binta da `eval set --`. Wadda ke zuwa da Mac ta gidan BSD ce, tsohuwa, ba ta san dogon zaɓi ba, kuma in sunan folda na da sarari a tsakiya sai ta raba shi. Ba ta "Lissafin Watan Yuli" ka gani, abu uku za su fito. Getopts kuwa a cikin shell ɗin kanta take, tun Bourne shell ta 1986, POSIX, ƙa'idar bai-ɗaya ta tsarin Unix, kuma ta tanade ta. Bash, dash, ksh, zsh, har ash ta BusyBox (ƙaramin kunshin umarni na ƙananan na'urori), duk za ka same ta.

Ɗan Rigasa: Malam, a kantin nan ba mai Mac. Tsohuwar kwamfuta ce guda ɗaya a bayan kanta, Ubuntu ke kanta, kuma ba inda za ta. Me ya haɗa ni da BSD? In ma tsoron ne, `getopt -T` na fita da lamba 4 idan sabuwar ce. Layi biyu na gwaji, in ba ita ba ce sikirif ya ƙi tashi.

'Yar Unguwar Rimi: Ni rabin maganar Malam na ɗauka. Getopts tana da nata halin da ba a faɗa wa masu koyo. Da zarar ta ci karo da kalmar da ba ta fara da karan ɗori ba, ta tsaya ke nan. Mutum ya rubuta `ajiye.sh kanti -g`, a ransa gwaji yake yi, ita kuwa ba ta ma ga `-g` ɗin ba, aikin gaske ya tafi. Idan sikirif ɗin mai goge tsofaffin fayiloli ne fa? Ta util-linux tana tsinto zaɓi ko'ina yake a layin, kamar yadda `ls` da `cp` na GNU suka sabar wa mutane. Ga `shift $((OPTIND-1))` da sai ka tuna da kanka, ga OPTIND, mai riƙe lissafin inda ta tsaya a layin, da ba ya komawa 1 in ka sake kiranta a cikin wani aiki. Saƙon taimako ma da hannu za ka rubuta, kuma wata biyu ya isa ya daina dacewa da abin da sikirif ke yi.

Malamin Kawo: Malama, ai hujjata kika ƙarfafa. Mai goge fayiloli, mai son saƙon taimako, me yake nema a shell? `argparse`, mai karɓar zaɓuɓɓuka, na cikin Python tun 2.7 da 3.2, ba sai an sauko da komai ba. Ita ke haɗa `--help`, ki ce mata wannan lamba ce ta tace miki, in an yi kuskure ta yi bayani ta fita da lamba 2.

Na Barnawa: Ranka ya daɗe, a nan muka rabu. Kana magana kamar duk inda shell take Python na nan. Ni aikina na'urorin raba intanet ne a otal-otal da makarantu, da yawansu OpenWrt ke kansu, wurin ajiyarsu megabait kaɗan ne. Ba Python a ciki, sa ta kuma cinye wurin zai yi. Hoton Alpine na Docker ma haka yake zuwa, BusyBox kawai. A irin wurin nan in ina son dogon zaɓi, `while` da `case` nake rubutawa da hannuna, ina `shift` ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

'Yar Unguwar Rimi: Yaya, wannan na hannun ya san `-vg` a haɗe? Ya san `--folda=kanti` da `--folda kanti` abu ɗaya ne? Ya san `--` na nufin zaɓi ya ƙare?

Na Barnawa: Biyun ƙarshe na rubuta masa, layi kaɗan ne. Haɗa haruffa kuwa ban yarda da shi ba tun farko, wanda ya haɗa zai ga saƙon kuskure. Ni da abokin aikina kaɗai ke kiran sa, ba kasuwa zan kai ba.

Ɗan Rigasa: Tunda an shiga Python, me ya sa argparse? Click ta Armin Ronacher ta fi daɗin rubutu nesa ba kusa ba, balle in kana da ƙananan umarni irin na git. Typer ma a kanta aka gina ta.

Malamin Kawo: Ƙanena, kai da ka ce kwamfuta ɗaya ce a bayan kanta. Click sai an girka ta. Daga Debian 12 da Ubuntu 23.04 pip, mai girka kayan Python, na ƙin zuba kaya kai tsaye cikin Python na tsarin, sai ka buɗe venv, wato keɓaɓɓen wurin Python, ko ka bi ta apt, mai girka manhajojin tsarin. Yanzu ka hango kanka a waya kana koya wa yaron kanti venv, an ɗauke wuta, data ta kusa ƙarewa. Ƙananan umarni kuma argparse na yin su da `add_subparsers`, sai dai rubutun ya fi tsawo.

'Yar Unguwar Rimi: Kada dai a mai da argparse waliyiya. Tana karɓar guntun suna: `--gwa` ya wadatar a madadin `--gwaji`. Mutane su saba, wani ya sa a cron, mai tayar da aiki da kansa a lokacin da aka tsara, ranar da ka ƙara `--gwada-saba` sai guntun ya zama mai harshen damo, aikin dare ya faɗi ba wanda ya taɓa shi. Sai a Python 3.5 aka kawo `allow_abbrev=False`, kuma har yau sai ka sa da kanka. Getopt ta util-linux ma tana da wannan halin, Ɗan Rigasa, ka duba naka. Sannan ƙimar da ta fara da karan ɗori tana rikita argparse, sai an haɗa ta da alamar daidai.

Na Barnawa: Ni da za a bar ni, abin da ya fi ƙarfin shell harshen Go zan kai shi. Fayil ɗaya, ka harhaɗa shi don ARM ko MIPS ka jefa a na'ura. Sai dai `flag` ɗinta ma tana tsayawa a kalmar farko da ba zaɓi ba, kuma ba ta haɗa haruffa, shi ya sa manhajoji irin su kubectl da Hugo suke amfani da Cobra a madadinta.

Malamin Kawo: To na sassauta abu ɗaya: inda ba Python, `case` na hannu ya halatta. Sukar da na yi wa getopt marar s kuwa ban janye ba.

Ɗan Rigasa: Ni ma ban cire ta ba, Malam. Zan dai ƙara gwajin `-T` a sama, in kuma duba cron ɗin kantin ko akwai guntun suna a ciki. Malama, in na turo miki sikirif ɗin bayan Isha'i za ki duba min wurin `eval` ɗin?

'Yar Unguwar Rimi: Turo. Ka haɗo da sunan folda mai sarari da wanda ya fara da karan ɗori, da su zan fara gwadawa.