Neman shawara: sugan Baba yana faɗuwa da asuba, shi kuwa murna yake yi

Mai tambaya, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema a kan mahaifinmu. Shekarunsa 67, yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Ya daɗe da ciwon suga, bara aka mayar da shi kan allurar insulin, mai gaurayen nan 70/30, safe da yamma. Tun da aka yanke wa ƙaninsa ƙafa saboda wannan ciwo, Baba ya ƙudurta a ransa cewa in na'urar gwajin suga ba ta nuna ƙasa da 90 ba, to da sauran aiki. Tuwon dare ya koma rabin malmala, allura kuwa tana nan yadda take.

Yanzu da asuba Umma takan tarar da rigarsa sharkaf da gumi, yana magana ba kan gado. Ranar Talata muka gwada, 52. Da aka ba shi shayi mai suga ya dawo hayyacinsa, sai cewa ya yi gara haka da ya hau. Gwajin wata uku, wato HbA1c, ya nuna 6.1, har takardar yake nuna wa abokansa a masallaci. Ganin likitansa sai wata mai zuwa. Mu rage allurar da kanmu ne? Ko kuwa gaskiyarsa ce, ƙasa ya fi sama?

Hajiya, Obalende:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Kada ku jira wata mai zuwa. Gobe ku kai shi, ko da asibitin unguwa ne.

Direban tirela, Apapa:
Ƙanwata, ni ma allurar nake yi. Wata rana na yi ta da sassafe da niyyar in karya a hanya, goslo ya riƙe ni. Hannu ya fara rawa a kan sitiyari, ido ya yi duhu, Allah ne ya sa yaron motata yana da dabino a aljihu. Tun daga nan ba na tayar da mota sai na gwada, kuma ba na allura sai abinci yana gabana. A Legas ba wanda ya san ƙarfe nawa zai isa inda za shi. Baba da ke bin danfo daga Agege zuwa Mile 12, a sa masa ƙwayoyin suga a aljihu kullum, a kuma gaya wa yaran shagonsa abin da za su yi in sun ga ya rikice.

Wani ɗan'uwa, Alaba Rago:
Allurar ce ta fi ƙarfinsa. Ku ajiye ta, ku riƙa dafa masa shuwaka da zogale. Mutane da yawa sun samu sauƙi.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba:
Malam na Alaba Rago, ka yi haƙuri, wannan shawarar tana da haɗari. Galibi ba a mayar da mutum kan insulin sai an ga ƙwaya ta kasa. In ya bari gaba ɗaya, suga zai iya haurawa har ya kai shi ga doguwar suma. Zogale a miya ko kwaɗo ba laifi, amma ba ya maye gurbin allura.

'Yar'uwa mai tambaya, bari in ɗan tsawaita, don abin da kika faɗa muna ganinsa sosai wajen dattawa.

Duk abin da ya gaza 70 faɗuwar suga ne. Ƙasa da 54 kuwa ƙwaƙwalwa ta fara rasa abincinta, shi ya sa yake sambatu. 52 ɗin nan ba abin murna ba ne ko kaɗan. Dalilin da ya sa abin ke zuwa da asuba yana cikin allurar kanta: kashi 30 nata yana aiki da wuri, don abincin da aka ci a lokacin, kashi 70 kuma ƙarfinsa yana zuwa ne sa'o'i da dama bayan an yi. Wanda ya yi ta bayan magariba, tsakar dare zuwa asuba take kan ganiyarta. In ya rage tuwo bai rage allura ba, ba ta da abin da za ta ci sai ɗan sugan da ya rage a jini.

Tsoron Baba yana da tushe, kada ku raina shi. Suga mai yawa na shekara da shekaru shi ke lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Amma shi a hankali yake ɓarna, faɗuwa kuwa cikin dare ɗaya take iya kayar da tsoho a banɗaki ko ta taɓa bugun zuciyarsa. An taɓa gwada wannan tunani nasa a wani babban bincike mai suna ACCORD a Amurka da Kanada, da mutum fiye da 10,000. Aka matsa wa rabinsu da magani don HbA1c ya sauka ƙasa da 6. A 2008 dole aka dakatar da wannan ɓangaren, saboda mace-mace sun fi yawa a cikinsu. Shi ya sa yau ga yawancin manya ana neman HbA1c wajen 7, a na'ura kuma 80 zuwa 130 kafin karin kumallo, ƙasa da 180 bayan cin abinci. Ga dattijon da sugansa ke faɗuwa, likita kan sassauta har zuwa kusa da 8. Wato 6.1 ɗin da yake alfahari da ita, a shekarunsa kuma a kan insulin, ita ce ma shaidar cewa maganin ya yi yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne ba shi yake farkawa da kansa ba, Umma ce ke tashinsa. In faɗuwar ta yawaita, jiki yakan daina gargaɗi: ba rawar jiki, ba faɗuwar gaba, sai dai a ga mutum ya zube. Alhamdu lillahi, in aka yi 'yan makonni ba a bar sugan ya faɗi ba, gargaɗin yakan dawo.

Batun rage allura, likita ne zai yanke, kuma a makon nan. Ku roƙi a duba ƙodarsa, don in ta yi rauni insulin yakan daɗe a jiki fiye da da. Ku kwashe duk magungunansa ku tafi da su. In har yana haɗawa da glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, lallai likita ya sani, don faɗuwar da take jawowa tana da tsawo. Kafin nan, daren yau ya ci tuwonsa cikakke, a gwada kafin ya kwanta, in ya yi kusa da 100 ya ƙara ɗan burodi ko biskit. Ku sa ƙararrawa wajen ƙarfe 3 ku sake gwadawa, ku rubuta komai a takarda da lokacinsa.

Mai tambaya:
Na gode Anti, Allah ya ƙara ilimi. To in ya sake faruwa, shayin ya wadatar? Kuma yana azumin Litinin da Alhamis, ban ma faɗa ba.

Ma'aikaciyar jinya:
In yana iya haɗiya, a ba shi suga giram 15: babban cokali ɗaya na suga ko zuma, ko rabin kwalbar Coke ta asali, ba marar suga ba. Shayin da aka cika wa madara yana jinkiri. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai kai 70 ba a maimaita, in ya hau a bi da abinci mai riƙe ciki. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a kira lambar gaggawa 112 ko 767, ko a garzaya asibiti mafi kusa a ce musu yana kan insulin.

Azumin nafila ya dakata tukuna. Ko na Ramadan ne, ƙa'idar likitoci ita ce in ya gaza 70 a karya nan take.

Malami, Agege:
Na goyi bayan wannan. Marar lafiya yana da rangwame ko a farilla, balle nafila. Amma 'yata, kada ku tare shi ku 'ya'ya kuna cewa ya yi kuskure, dattijo ba zai karɓa daga bakinku ba. Ku sami amininsa ya raka shi wurin likita, ya ji sabon adadin da kunnensa, likitan kuma ya rubuta masa a takarda. Tunda ƙafa ce tsoronsa, a roƙi likita ya duba masa ita a ranar.

Mai tambaya:
In sha Allahu haka za a yi, Malam. Na kira Kawu, ya ce zai zo gobe bayan sallar asuba su tafi tare. Yaya zai kwana a ɗakin yau saboda gwajin ƙarfe 3.