Baba ba shi da hira sai ta zamanin da, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Mahaifina ya haura shekara 70, kuma tun da ya yi ritaya hirarsa ɗaya ce: zamanin da. Mutanen da sun fi kunya, waƙoƙin da sun fi ma'ana, har daminar da ta fi albarka. Labari ɗaya sai in ji shi sau uku a mako. Rannan haƙurina ya ƙare na ce, "Baba, ai a da ɗin ma kun sha wuya." Ya yi shiru, bai ƙara ce mini uffan ba har dare. Ƙanwata 'yar shekara 19 ita ma ta kama, kullum tana tono hotunan firamare a waya tana cewa duniya ta lalace. Ciwo ne? In riƙa gyara masa zance ko in ƙyale shi?

Wani ɗan'uwa:
Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ki samar masa abin yi, zaman banza ne ke jawo haka.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda da kai duka ba. Da can likitoci ma ciwo suka ɗauki irin wannan kewa. A 1688 wani ɗalibin likitanci, Johannes Hofer, ya raɗa wa wannan kewa suna nostaljiya, aka riƙa danganta ta da sojojin Suwizalan da ke rama saboda begen gida. Yanzu masana halayyar ɗan'adam sun gano tana rage kaɗaici, tana sa mutum ya ji rayuwarsa ba ta tafi a banza ba. Robert Butler, likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya rubuta a 1963 cewa bitar rayuwa aiki ne da zuciyar dattijo ke buƙata.

Ki lura da labaran Baba, za ki ga yawancinsu na tsakanin shekara 10 ne zuwa 30 na rayuwarsa. Nan ƙwaƙwalwa ta fi riƙe abu, wataƙila don a nan ake yin abubuwa da yawa karon farko. Sannan zafin abin baƙin ciki ya fi saurin dusashewa a kan daɗin abin farin ciki. Ba ƙarya yake yi miki ba, wuyar ce ta huce, daɗin ya saura.

Wata uwa:
'Yata, da kika ce sun sha wuya, abin da ya ji shi ne ƙuruciyarsa ba ta da daraja. Ki ba shi haƙuri. In ya ɗauko labarin, ki tambaye shi abin da bai taɓa faɗa ba: wa ke wurin, me ya faru bayan nan. Ƙanwarki kuwa girma ne ya tunkaro ta, tsoro ne ke maida ta baya. Baba ma sauyi ne ya same shi da ritayar.

Ma'aikaciyar jinya:
Na manta: idan yana maimaita magana cikin awa guda bai san ya faɗa ba, ko ya daina cin abinci da barci, ko ya ƙaurace wa mutane, to ku ga likita.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Barcinsa da cinsa lafiya lau. Jiya na ba shi haƙuri, na tambaye shi sunan abokin da kullum yake cikin labarin. Ashe ya rasu watanni huɗu da suka wuce, Baba bai gaya wa kowa a gidan ba.