Akwati goma sha biyu, rijiya ta ƙafe

Malamar Firamare:
Akwati goma sha biyu aka kai lefe,
Rijiyar gidan ango kuwa ta ƙafe,
Leda ta toshe kwalbati tun safe,
Damina in ta zo, gari zai kife.

Ɗan Kwari:
Malama, bar mana lefe, shi ne kasuwa,
Yara bakwai a shagona da shi suke rayuwa,
Atamfa ba ta fasa madatsar Alau ba, 'yar'uwa,
Ruwan da ya ci Maiduguri bai biyo ta kasuwa.

Mai Gawayi:
Tun 2023 da aka janye tallafi,
Tukunyar gas ta fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi,
Na sare marke, ku ce na yi laifi,
Tuwon Malama da gawayina ya yi zafi.

Ƙanwar Ango: Allah ya ƙara basira, Mai Gawayi! Ka gama da ita.

Baba Mai Aruli: Yaro, karanta 2023 da baki ka ƙirga gaɓoɓin. Karin ya karye tun ɗangon farko. Ɗan Kwari kuma ya maimaita "kasuwa", ga ɗangonsa na ƙarshe babu "ba" ta rufewa.

Mai Gawayi: Baba, ni buhu nake aunawa, gaɓa taku ce.

Ɗan Diffa: Sabis ya ɗauke tun jiya, sai yanzu.
A Ngigmi kakana ya ɗaure jirgi bakin tafki,
Yau wurin rairayi ne, ana bi da jaki,
Amurka da Sin ke turnuƙe sama da hayaƙi,
Ku kuna kokawa kan akwatin biki.

Malamar Firamare:
Ɗan Diffa, hayaƙinsu ne, ban musa ba,
Dala biliyan 300 ta alkawarin taron sauyin yanayi na Baku ba mu gani ba,
Amma ledar kwatarmu Sin ba ta zubar ba,
Ɗan Kwari ne, kuma bai taɓa kwashewa ba.

Baba Mai Aruli: Ba, ba, ba, ba. 'Yata, wannan amsa-amon ragwaye ne.

Ƙanwar Ango: Yau kam Baba ya faɗi gaskiya.

Ɗan Diffa: Ɗazu da ya taɓa naki gwanin shiru kika yi, Hajiya.

Ɗan Kwari:
Malama, kwatar zan kwashe, ba gardama,
Atamfa biyu kika ɗauka bashi tun Sallar layya ma,
Ki biya, sai na sayi shebur, Malama.

Baba Mai Aruli: Ina ɗango na huɗu?