Cacar baki a zauren masu hoto na Arewacin Kamaru: wai Helios kwafi ne?

Ɗan Yelwa: Salamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Na je ɗaukar biki a nan Garwa, na ɗora Helios 44-2 ɗina, tsohon objektif (gilashin gaban kyamara) na zamanin Sobiyet, a kan kyamarata Sony, hotunan amarya suka fito tas, ganyen darbejiyar da ke bayanta duk ya yi wannan juyin da Helios ke sa bayan hoto ya yi kamar yana zagayawa, amma yayan ango na hango objektif ɗin ya ga fenti ya koɗe sai ya ce wai gwanjo na kawo musu, zai cire dubu 10 a kuɗina, ko hoto ɗaya bai kalla ba. To na faɗa masa kuma zan maimaita a nan, a hoton fuska babu objektif na zamani da ya kai wannan asalin na Rasha, ko na miliyan ne. Wanda bai yarda ba ya fito.

Canon Domayo: Allah ya huci zuciyarka Hamma. Amma asalin na Rasha kuma? Helios ai kwafi ne. Biotar 58mm f/2 na Carl Zeiss Jena suka kwaikwaya, na Jamus. Bayan yaƙin duniya na biyu Sobiyet sun kwashe kayan masana'antar Zeiss sun tafi da su. Ka ce kwafin Rasha sai mu yarda

Ɗan Yelwa: Ni maganar kuɗina nake yi, ba tarihi ba

Baffa Mai Studiyo: Kai yaro, kwafi ka ce? Ka san me ake kira kwafi kuwa? Kwafi shi ne batirin da za ka saya a kasuwa an rubuta sunan kamfani a jiki alhali ba su suka yi ba, ya kumbura ya mutu. Helios sunansa Helios, tambarin masana'antarsa na jikinsa, bai taɓa cewa shi Zeiss ne ba. Da shi da kyamarar Zenit muka ciyar da iyali tun ba a haife ka ba, hoton katin ɗan ƙasa, hoton makaranta, hawan sallah a ƙofar Lamiɗo, duk da shi. Abin da ya shekara 40 yana aiki ba a ce masa kwafi.

Canon Domayo: Baffa Allah ya ƙara girma, ba raini ba ne. Abin da kake nufi jabu ne, ni ban ce jabu ba. Na ce kwafi. Gilashi 6 a rukuni 4, tsawo ɗaya 58mm, buɗewa ɗaya f/2, to me ya rage?

Mai Hazo Kusiri: jabu da kwafi duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya

Adda Mai Kyamara: A'a fa. In haka ne to 50mm f/1.8 na Canon da kake yawo da shi ma kwafi ne, don shi ma tsarin da ake kira Gauss biyu ne, gilashi 6, kuma Paul Rudolph ya fitar da objektif ɗin Planar a Zeiss tun 1896 a kan wannan tsari. Kusan duk wani 50mm na da can daga wannan gida ya fito, na Japan da na Jamus da na Sobiyet. Don me sai na Rasha ne kawai za a liƙa wa sunan kwafi?

Canon Domayo: Adda akwai bambanci tsakanin wanda ya koyi sana'a da wanda ya ɗauke injin mai sana'ar

Baffa Mai Studiyo: Ganimar yaƙi ce. Jamus ce ta fara shiga musu ƙasa.

Ɗan Baladji: Ni dai kalmar Rasha ɗin ce ma ban yarda da ita ba. Ba duk Helios 44-2 aka yi a Rasha ba, akwai na masana'antar KMZ a Krasnogorsk kusa da Mosko, akwai na Valdai, akwai kuma na Minsk wanda yau Belarus ce. Ɗan Yelwa turo mana hoton tambarin naka mu gani, ƙila ma ba na Rasha ba ne kake ta faɗa a kai

Ɗan Yelwa: Ikon Allah. An cinye min dubu 10 ku kuna tambayar tambari

Sony Njamena: Hamma kyamararka ma wace ce? In a6000 ce ko 'yan uwanta to sensarta, wato wurin da hoto ke sauka a ciki, ƙarama ce, tana yanke gefen hoto, kuma juyin Helios a gefe yake zama ba a tsakiya ba. 58mm ɗinka ya koma kamar 87mm, rabin juyin ya tafi. Sai a kan Sony A7 mai babbar sensa ake ganin abin da gaske. Ba don ina riƙe da ita ba

Mai Hazo Kusiri: don kana riƙe da ita ne mana 😂 kullum sai ka sako mana A7 ko ana maganar man gyaɗa

Sony Njamena: Kai da kake tsallako gadar Ngeli kana aron adafta, zoben haɗa objektif da kyamara, a wurina kar ka fara

Mai Hazo Kusiri: sau nawa na ara? kuma na dawo maka da ita ko ban dawo ba? ka faɗa a gaban jama'a

Canon Domayo: Mu koma kan kwafi. Baffa bai ba ni amsa ba

Baffa Mai Studiyo: Amsar ita ce kai ne ya kamata ka yi shiru a zancen tsofaffin objektif. A 1987 Canon ta watsar da bakin FD, wato mahaɗin objektif da kyamara, ta koma EF, duk wanda ya tara FD aka bar shi riƙe da ƙarfe, ba ya hawa sabuwar kyamararsu sai da adafta mai gilashi a ciki da ke ɓata hoto. Na san masu studiyo da suka yi asara a wannan. Shi kuwa Helios mai bakin M42, zare ne kawai kake murɗawa, yau yana hawa Canon ɗin taka da zoben ƙarfe mara gilashi ko ɗaya. Wanda kake kira kwafi ya shiga gidanku, ɗan gida ya kasa shiga.

Canon Domayo: Baffa yana hawa amma a kan Canon 5D madubin cikin kyamara na iya bugun bayansa in ka kai fokus nesa. Kuma yanzu akwai Canon R mara madubi, FD na hawa lafiya lau

Sony Njamena: bayan mun nuna muku hanya

Goggon Yara: Ni wata tambaya gare ni dan Allah. An ce tsofaffin gilasan nan na Rasha akwai guba a ciki, irin ta nukiliya, wai tana taɓa ido. Ɗana ya sayo ɗaya yana ajiye shi a ɗakin da ƙannensa ke kwana, hankalina bai kwanta ba

Adda Mai Kyamara: Goggo ki kwantar da hankalinki, ba Helios ake nufi ba. Wanda aka fi sani da wannan na Japan ne ma, Super Takumar 50mm f/1.4 na Asahi Pentax, an sa wani sinadari toriyom a gilashinsa, shi ya sa in ya tsufa yake yin rawaya. Abin da yake fitarwa kaɗan ne, ana ta aiki da shi a duniya, kawai kar a fasa gilashin ko a niƙa shi, kuma ba abin wasan yara ba ne ko don nauyinsa. Rawayar ma in an shanya shi a rana tana washewa.

Ɗan Baladji: A ranar Ngaundere dai. In ka shanya shi a ranar Garwa watan Afrilu man da ke cikin zoben fokus zai narke ya gangaro kan fukafukan da ke buɗe idon objektif su manne, ka rasa duka biyu

Ɗan Yelwa: Ku da damina ke sa wa objektif fumfuna har ya yi saƙa a cikin gilashi? Duk wanda na taɓa gani da fumfuna daga wajenku ko Duwala ya fito. Mu ƙurar hunturu ce kawai matsalarmu, ita kuma a hure ta ake yi kafin a goge, in ba haka ba ta karce gilashi

Canon Domayo: Marwa ta fi ku ƙura kuma mun fi ku iya adana kaya

Mai Hazo Kusiri: ku zo Kusiri ku ga zafi ku daina surutu

Baffa Mai Studiyo: Ni har yanzu ina jiran yaron nan ya janye kalmar kwafi. Ba don ƙarfe nake magana ba, don mutanen da suka yi aiki da shi ne, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. In ka ce kayan aikinsu kwafi ne kamar ka ce hotunan iyayenku da ke rataye a ɗaki ba na gaske ba ne.

Canon Domayo: Baffa ka yi haƙuri in ta ɓata maka rai, amma gaskiya ba zan janye ba, Biotar ya riga shi, Helios 44 sai 1958 aka fara yin sa

Adda Mai Kyamara: Kai ka taɓa riƙe Biotar ɗin a hannunka kuwa?

Canon Domayo: Na gani a YouTube

Admin: To jama'a ya isa haka, saƙonni sun yi yawa, wasu har sun fara fita daga zaure. Ga abin da na fahimta an tsaya a kai. Maganar kwafi ta tabbata, babu wanda ya kawo hujjar da ta rushe ta, duk da muna girmama Baffa. Canon ta yar da mutanenta a 1987, wannan ma kowa ya yarda. Sony kuwa ba ta da tsohon kaya nata na kanta, sai a 2006 ta karɓi harkar kyamarar Konica Minolta, shi ya sa mutanenta ke rayuwa da adafta. Abin da kuka manta shi ne Nikon, da ta fito da bakin F a 1959 ta kuma riƙe shi, in ka samu Nikkor 105mm f/2.5 na AI, wato daga 1977 zuwa sama, kai tsaye yake hawa Nikon D750 ɗina ba zobe ba komai, kuma a hoton fuska Helios bai kama ƙafarsa ba. Helios ma a kan Nikon ba ya kai fokus nesa sai da gilashi a adafta, ni a wurina wannan naƙasa ce tasa. Goggo ta samu amsarta. Rigimar adafta ku ƙarasa ta a waje. Wanda ke Garwa ya zo da objektif ɗinsa ranar Juma'a bayan la'asar bakin gadar Binuwai, mu ɗauki fuska ɗaya a haske ɗaya, ni zan duba hotunan in faɗi wanda ya ci.