An ce in cire hijabi a aji, in kai ƙara ko in haƙura?

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Na samu koyarwa a makarantar gwamnati a nan Jamus, amma an ce sai na cire hijabi a aji. Ba iyaye ko ɗaliban da suka yi ƙorafi. In kai ƙara ne ko in nemi wata makarantar?

Ɗalibin Lauya: Hajiya, kina da madafa. A 2015 kotun tsarin mulki ta tarayyar Jamus da ke birnin Karlsruhe ta ce ba a hana malamai ɗankwali kai tsaye, sai an nuna takamaiman barazana ga zaman lafiyar makarantar. Awo suke yi: manufar halal ce? Hanin zai kai ga manufar? Babu hanya mafi sauƙi? Sannan a ɗora cutar da aka yi miki da amfanin a kan sikeli.

Alhaji Tanko: Sikeli! Ni na ga sikeli. Shagona aka rufe lokacin korona. Lauya ya karɓi Yuro 4,000, ya yi ta ja na daga wannan kotu zuwa waccan, da aka zo ta ƙarshe, ta Karlsruhe, ya bari wa'adin wata ɗaya na shigar da ƙara ya wuce. Har yau bashi nake biya.

Ɗalibin Lauya: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma shigar da ƙara a Karlsruhe ba a biyan kuɗin kotu.

Alhaji Tanko: To kuɗina aljanu suka ci?

Anti Bilki: Kyauta ne, amma in suka ga wasa da hankali ne suna iya cin tara har Yuro 2,600. Ni ƙungiyar ma'aikata ta tsaya min, ko sisi ban biya ba. Kuma a faɗa mata duka: a 2020 wannan kotun ta amince a hana mai koyon aikin shari'a ɗankwali a kujerar alƙalai.

Alhaji Tanko: Yaron da bai gama makaranta ba shi zai ba mutane shawara?

Na Gefe: Alhaji, naka lauyan ai ya gama.

Maman Hanifa: Don Allah, wace kotu zan fara zuwa?

Anti Bilki: Wai ku ma lauyanku sai kun kira sau goma yake ɗauka? Nawa ko wasiƙa ba ya amsawa.

Alhaji Tanko: Ɗauka? Nawa lamba ya canza.