Me ya sa ake ɗora maganin a bayan jijiya lokacin aikin fistula a dabbobin gwaji?

Ɗalibar_likitanci:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina da tambaya kan fistular wankin ƙoda, ba ta yoyon fitsari ba, wadda ake haɗa jijiyar da ke fito da jini daga zuciya da mai mayar da shi. Na ga in ana gwaji a alade ko ɓera sai su ɗora maganin hana tsukewarta a bayan jijiyar, wato a jikinta ta waje, tun kafin su rufe wajen. Me zai hana a ba dabbar ta sha kawai?

Dr_Koda:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Matsalar a guri ɗaya take, dab da ɗinkin. Jijiyar mayar da jini ba ta saba da wannan ƙarfin gudun ba, sai ƙwayoyin bangonta su yi ta hayayyafa, bangon ya yi kauri ta ciki har hanya ta tsuke. Tun 1966 da likitoci Brescia da Cimino suka kawo aikin ake fama da wannan. Magungunan da ke hana hayayyafar irin su sirolimus da paclitaxel kuwa ba na wasa ba ne, sirolimus in ya zaga jiki yana danne garkuwa kuma ciwo ya ƙi warkewa da wuri, to tunda ga jijiya nan a buɗe a gabanka ai gara ka ba ta kai tsaye.

Malam_Lab:
Haka ne likita. Wasu a kyallen kolajin (furotin ɗin da ke cikin fata da jijiyoyi) suke sawa su naɗe jijiyar, wasu jel ɗin Pluronic, ruwa ne in yana sanyi, yana taɓa ɗumin jiki ya daskare. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne a yi gwaji da dabba mai lafiyayyar ƙoda, alhali mai buƙatar fistula ƙodarsa ta gaza. Shi ya sa a ɓera ake cire kashi 5 cikin 6 na ƙodar tukuna.

Ɗalibar_likitanci:
To in ya yi aiki a alade shikenan an dace?

Dr_Koda:
Ina! Wani magani, vonapanitase, ma shafa shi ake a bayan jijiya ana tsaka da aikin, an sa rai sosai, ya zo gwaji mataki na 3 a mutane bai cika abin da ake nema ba. Kuma wallahi ki riƙe wannan, so ake jijiyar ta buɗe ta yi ƙwari yadda za ta jure allura sau 3 a sati, in maganin ya hana kauri ya kuma hana ta buɗewa da yin ƙwarin, mara lafiya na nan da katita (bututun wankin ƙoda) a wuya.