Rabon kayan azumi a Tumfure: wa ake kira baƙo?

Angon Bara: Jama'a, abin ya ci mini rai ne shi ya sa na kawo shi nan. Jiya wani attajiri ya aiko da mota cike da shinkafa da gero da sukari bayan masallacinmu a Tumfure, nan gefen garin Gombe. Tun la'asar nake tsaye a layi har aka kira magariba, na sha ruwa da dabino ɗaya da wani tsoho ya miƙo mini. Da na isa gaba, mai rubuta suna ya ce na baƙi ne kaɗai. Matata ko arba'in ba ta yi ba, kuɗin haya ya ƙare, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin da nake samu a Keke Napep bai wuce na cefane ba. Mu masu ƙananan iyali wa zai tuna da mu?

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena, Allah ya raya jariri. Amma kalmar nan "baƙi" ta sosa mini rai. Mun baro Gwoza a 2014 da kayan jikinmu kawai, na yi kwana uku ina tafiya da silifas ƙafa ɗaya. Yarana a Gombe aka haife su, ba su san hanyar Gwoza ba. Shekara nawa mutum zai yi kafin ya daina zama baƙo?

Ɗan Bolari: Hajiya, ba zagi ba ne, amma baƙo baƙo ne ko ya shekara talatin. Ki je sakatariya neman wa yaran takardar indijin ki ji abin da za a ce miki.

Malamin Islamiyya: Ku ji tsoron Allah. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake bai wa zakka, matafiyin da guzuri ya yanke masa yana ciki. Ansaru ba su taɓa goranta wa Muhajirai ba.

Ɗan Bolari: Malam, faƙiri da miskini aka fara ambata a ayar. Kuma wanda ya gina gida a Tumfure ya wuce matafiyi.

Maman 'Yan Biyu: Wane gida? Kango ne mai shi ya ba mu aro, buhu muka rataya a taga.

Jikan Tera: Ɗan Bolari, kai wa ya ce maka ba baƙo ba ne? Garin Gomben nan sai a 1919 aka dawo da fadar sarki cikinsa. Buba Yero, wanda ya kafa masarautar, a Gombe Abba ya zauna. Kakanka daga ina ya zo?

Ɗan Bolari: Kada ka sa kakana a bakinka, ka ji na gaya maka.

Mai Shago: Ni abin da ke damuna, kowa sai Gombe, Gombe. Tumfure a ƙaramar hukumar Akko take, hedikwatarmu Kumo. In ana maganar 'yan gari, mu ne.

Bawan Allah daga Bauchi: Kafin 1996 duk a jihar Bauchi kuke, ba mu taɓa kiran kowa baƙo ba.

Mai Shago: Shi ya sa muka nemi tamu jihar, mun ga irin riƙon.

Angon Bara: Don Allah, ni ba ni na ƙirƙiro kalmar ba, mai rubuta suna ne ya faɗa. Tambayata ita ce yadda za a riƙa sa sababbin magidanta a rabo. Har yanzu babu wanda ya amsa.

Shugaban Zaure: Na karanta duka. Abin da aka fi yarda da shi shi ne 'yan'uwanmu na Borno da Yobe sun fi kowa cancanta, kuma kalmar "baƙi" ba ta dace ba. Ni kaina na sauki iyali biyu a gidana a 2014, na san abin da suka gani. Ɗan Bolari ya janye maganarsa. Na rufe wannan batu.

Ɗan Bolari: Ban janye ba, Alhaji.

Maman 'Yan Biyu: Ango, ka turo yaro da kwano bayan tarawih. Tiya biyu ta gero na samu, ɗaya ta mai jego ce, a dama mata kunu.